Burodin Barau

Jibiya, 4 ga Mayu

Zuwa ga amaryata, jikata Mutmainna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ya karatu a Zariya? Ni dai ga ni nan, gwiwa ta ƙi, ido ma yana ja da baya.

Kin tambaye ni ma'anar kalmar Turancin nan, companion. Malaminmu na makarantar Midil ya ce asalinta Latin ne, wato wanda kuke cin burodi tare. Tana nufin abokin zama ko abokin tafiya. Ba kowa ake ba ita ba. Wanda kuka gaisa sau ɗaya a tasha bai kai ba.

Ni mutum ɗaya na taɓa kira haka. Lokacin da nake akawu a kan iyaka, a Magama, akwai Barau, tafintan wancan ɓangaren. Kowace Lahadi, ranar kasuwa, sai ya zo da dogon burodin Maraɗi, ni in kawo shayi. Mukan zauna a gindin shingen, shi a ƙasarsa, ni a tawa, ya karya da hannu, don ya ce wuƙa ta baƙo ce. Shekara ashirin da shida muna haka. Yana yi mini dariyar Turancina, ina yi masa ta Faransancinsa.

Yanzu wani direba ya gaya mini Barau yana kwance ba lafiya a Ɗan Isa, can ƙetaren iyaka, yana ta tambayata. Ba na iya hawa mota ni kaɗai. Ko za ki zo ki kai ni?

Ki gaida ƙawayenki.

Kakanki,
Lado


Jibiya, 23 ga Mayu

Mutmainna,

Ina gaishe ki, ya jarrabawa? Wasiƙarki ta iso, na ga kin ce sai an yi hutu. Daidai ne, kada ki sa komai a ranki.

Allah ya yi wa Barau rasuwa ranar Talata. An binne shi kafin labari ya ƙetaro. Ɗiyarsa Bilki ta aiko cewa kwana uku yana sa a juya masa shimfiɗa ta kalli ƙofa.

Duk da haka ki zo, ki kai ni in yi musu gaisuwa. Ki roƙa mini kujerar gaba, ba na iya naɗe ƙafa.

Allah ya ba ki sa'a.

Naki har kullum,
Lado