Wa Zai Ji In Ta Ce Ruwa?

Daren Laraba, unguwar Mansur a Makka

Yau aka sallame ni daga gidan kula da tsofaffi. Mudir, shugaban gidan, ya ce an haɗe sassa biyu, ma'aikaciya ɗaya ta isa.

Ba rashin aikin ke hana ni barci ba, Hajiya Rabi ce. A Makka aka haife ta, amma da tsufa ya ruɗa ta Larabci ya gudu, sai Hausar uwarta. Ni kaɗai ke jin ta.

Na ce wa wadda aka bari, in Hajiya ta ce "ruwa", moya take so, yadda suke ce wa ruwa da Larabci. Ta gyaɗa kai, idonta na kan waya.

Da zan fita Hajiya ta riƙe mini abaya. "Inna, kar ki daɗe."

Ga ruwa a gabana tun ɗazu. Na kasa sha.