Wayar da Za Ta Kai Ɗakin Hajiya

Abakpa, Kaduna.

Zuwa ga ƙanena Ubaidullahi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da Fiddausi da yara kuna cikin ƙoshin lafiya a can Malesiya. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa karatun ya ƙare lafiya. Mu nan kowa ƙalau. Ƙafar Hajiya ta yi sauƙi, sai dai tsayuwa ce har yanzu ba ta so.

Sai in fara da yi maka barka, don gaskiya ka iya zaɓen wakili. Tun da ka ɗora wa yayan matarka, Malam Husaini, sayen wayar intanet ta sabon gidanka da ake ginawa a Malali, bai zauna ba. Ya zo da katan biyu masu sheƙi, da hoton walƙiya a jiki, an rubuta lamba takwas da manyan baƙaƙe. Ya ce ko a banki lamba shida suke sawa, shi kuwa ya tsallake musu biyu saboda darajarka. Kuma don tausayi ya samo marar nauyi, wadda na ɗaga da hannu ɗaya ina riƙe da jaka a ɗayan. Har dabarar rage wahala ya kawo, ya ce a cusa ta bututu ɗaya da wayar lantarki, su tafi tare kamar 'yan biki.

To Ubaidu, ni atamfa nake sayarwa, ban san intanet ba. Amma na tsufa a kasuwa ina ganin tambari na ƙarya, kuma duk turmin da ya cika sheƙi ya rasa nauyi, bakinsa nake kai wa ashana. Shi ya sa na yanko guntun wayar nan na kai layin masu kayan wuta. Ashe su ma haka suke yi. Aka kankare ta da wuƙa, jan ya tafi, fari ya fito. Aka sa mata wuta, ta lanƙwashe ta zube kamar gashi. Tasu ta jan ƙarfe zalla kuwa ja ta yi kawai, tana nan a miƙe. Suka ce alminiyam ne aka yi wa wanka da jan ƙarfe, irin wadda ke karyewa cikin bango in an ja ta a kwana, kuma ba ta kai saƙo nesa yadda ya kamata. Lambar nan ta takwas ma, in ji su, mai buga kwalin ne ya ga dama. Gida irin naka lamba shida ta jan ƙarfe ta ishe shi har jikoki, a ba ta bututunta daban nesa da na wuta. Wadda za ta ratsa tsakar gida zuwa sashen Hajiya kuma a nemi mai baƙar riga mai kauri, wadda rana da ruwa ba sa ci.

Ka tuna dalilin jan wayar tun farko. Ɗakin Hajiya a sabon gidan na can ƙurya bayan bango uku, kai da kanka ka ce iska ba za ta kai mata intanet ba. Yanzu haka ma a nan Abakpa, duk ranar da za ku kira, sai mun fito da ita bakin ƙofa, tana dafe da bango, tana ɗaga wayar salula sama kamar mai neman wata, fuskar 'yarka Lubna na tsayawa cak a wayar baki buɗe. Rannan cewa ta yi a bar kiran, ƙafarta ba za ta iya ba. Ka san abin da zai sa Hajiya ta ce a bar ganin jikokinta ba ƙarami ba ne.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne masu filasta. Sun gama waje, ranar Asabar za su shiga ciki, daga nan suna da wani aiki a Mando, ba za su jira mu ba. Da zarar sun shafe bango an rufe silin, abin da ke ciki ya zauna ke nan, sai dai guduma. Mai aikin ja wa gidan wayoyi ya ga wayar, ya dube ni, ya dubi Malam Husaini, ya ce duk yadda manya suka ce. Yaya Kabir ya ce shi ba ya shiga maganar surukai. Ni kuma in na buɗe baki, gobe a ce dangin miji sun raina dangin mata, Fiddausi ta ji a can ranta ya ɓaci a banza. Ban ce ya ci ko kwabo ba, wallahi cutarsa aka yi, har yanzu yana shafa kwalin yana murmushi. Amma kai ka naɗa shi, kai kaɗai za ka iya ce masa ya mayar, cikin lalama, yadda kuka saba.

Ka gaishe min da Fiddausi da kyau, da Lubna da Sadiƙu. Hajiya na sa muku albarka. Yaya Kabir, Uwani da su Lami duk suna gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Sa'adiya.

Af, na ce ba. In nauyin surukin naka ya hana ka kiransa kafin Asabar, wace irin kujera kake so in saya wa Hajiya ta ajiyewa a bakin ƙofar sabon gida, ta roba ko mai hannu?