Abin da Kawu Ya Taka

Baban Amira,

Na tafi makaranta kana barci. Kada ka je sayen sabon kulocin saman nan, ina zaton na motarka lafiyarsa ƙalau.

Jiya da ka shige ƙarƙashin mota za ka cire wa kulocin iska, ka ɗora Kawu Muttaka a kujerar direba kana ta "taka, riƙe, saki", na kawo muku ruwa na leƙa ta taga. Birki yake takawa. Bawan Allah babur da kwale-kwale ya sani a Auyo, a wurinsa kuloci a hannu yake, ƙafa ta birki ce. Shi ya sa yake ce maka ya yi tauri, kai kuma in ka fito ka taka kulocin sai ya nutse kamar ka taka laka.

Na buɗe baki ka ce in bar maza su yi aiki, na bar ku. Kuma ka san ba zan gyara wa surukina a gaban idonsa ba.

Ka ƙara wa kulocin man birkin da yake sha, ka jira ni da azahar in taka maka na hagu, wato kulocin, don shinkafar Inna ta isa Guri kafin ruwa ya rufe hanya.

Kada ka gaya wa Kawu. Ga man zafi nan kusa da kununka, ka shafa masa a gwiwa. Ya ce bai taɓa sha wa wani wahala irin ta jiya ba.

Hafsat