Shaidar da Na Bayar a Titin Jambutu

Zuwa ga ƙanena Sa'adu,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya iyali, ya zaman Legas? Mu nan lafiya, ko da yake ba ka tambayarmu.

Wani abin kunya ya same ni. Ina zaune bakin titin Jambutu, wata mota ta taka birki haka kawai, maƙwabciyarmu Malama Rifkatu ta daki bayanta. Samari suka fito daga motar gaba suna hayaniya, suka ce, "Baffa, kai ne babba, raba mu." Sai kaina ya fasu. Na ce mai bugu ta baya shi ke da laifi. Tana cewa da gangan suka tsaya, na ce ta yi mana shiru. Ta sa hannu, inshorarta ta biya su.

Ran Juma'a a hanyar Sangere na ga motar nan, samarin nan, sun yi wa wani irin wannan damfarar. Har sun samu wani tsoho suna ce masa Baffa.

Yanzu in ta gaishe ni, ƙasa nake kallo. Gobe zan je gidanta, mu tafi ofishin inshora in janye shaidata. Ka san ban iya ba da haƙuri ba. Ka yi mini addu'a bakina ya buɗu.

Gai da Hajara da yara.

Yayanka,
Buba