Lungun Bayan Rumbu

Litinin, 4 ga Jimada Awwal, 1290
Ciyawa ta cinye lungun da ke tsakanin rumbu da katanga. Tofa har ƙugu. Wurin ba ya ɗaukar fartanya, sai mutum ya shiga a karkace, ya tuge da hannu, ya fito da baya. Aikin Malam ne kowace damina, da yake shi siriri ne kamar kara. Tun bazara ya bi fatake ta daji zuwa Zariya. Su sun dawo, mijina shiru. Wai a mashaya suka rabu. To, in ya dawo ya tarar da aikinsa.

Laraba, 13 ga wata
Nababa, ƙaninsa, ya zo da damin kara, wai zai zuba a lungun ya cinna wuta. Ƙarƙashin jinkar rumbu, da dawar bara a ciki! Na ce, "Ƙanin miji, hankalin naka ma fatake suka tafi da shi?" Ya ce, "Yaya, gara fa ta fara hawa." Na ce ta hau, mai aikin na nan tafe. Sai ya sunkuyar da kai. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 22 ga wata
Ruwa wuni guda. Ban leƙa ba.

Alhamis, 5 ga Jimada Sani
Asama'u, Bafulatanar da ke kawo nono, ta ce a tura akuya ta cinye. Aka tura. Ta maƙale a tsakiya tana ihu, da ƙafar baya muka jawo ta. Har na yi dariya, Allah ya yafe mini. Da za ta ɗauki ƙwarya sai ta yi ƙasa da murya: "Malama, mazanmu sun ga gafakar littattafai a bakin rafi, ruwa ya ci takardun." Na ce malami ɗaya ne a duniya? Ban sayi nonon ba.

Lahadi, 8 ga wata
Gindin rumbu ya jiƙe. Dawar da na ɗebo tana warin ruma. In ya zube, me za a ci kafin kaka? Duk littattafan da mahaifina ya bar mini na bi, akwai hukuncin matar wanda ya ɓace, shekaru za ta jira. Babu wanda ya ce gara za ta jira.

Talata, 17 ga wata
Ruwa ya ɗauke da hantsi, ƙasa ta yi taushi. Na shiga. Katanga ta goge mini baya, tofa ta tsattsaga mini yatsu, na zagi ciyawa, na zagi fatake, Malam ma na zage shi. Na kankare hanyar gara. Don dawa na yi, ba don komai ba.

Huraira maƙwabciyata ta shigo ta tarar ina wanke hannu. Ta dubi lungun, ta dube ni. "Yaya, yau ba ki sa kwalli ba?" Na ce ya ƙare. Ba ta ce za ta aiko mini ba. Ta zauna kusa da ni har la'asar.