Inna, Na Je Neman Sunanki

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da ladabi daga ɗanki Habu. Bayan haka, ina sanar da ke na dawo Gumel daga tafiyar da na yi neman danginki.

Ba ki taɓa faɗa mini sunanki ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Duk unguwa Baƙuwa ake ce miki. Ranar da aka shimfiɗa ki za a yi miki salla, liman ya juyo ya tambaye ni sunanki na yanka. Da Baƙuwa aka yi miki addu'a.

Da cikin matata Hadiza ya tsufa, na ce in mace ce sunanki za ta ci. Sai na fara nema.

Magatakardan alƙali ya buɗe mini littafin bayin da aka 'yanta bayan shigowar Nasara. Muka bi da yatsa har na gan ki. An rubuta Baƙuwa, an rubuta sunan ubangidanki, an ce daga arewa kike. Shi ke nan. Na yi godiya, na fito, na biya kasuwa na sayi gishirin da aka aike ni.

Abu ɗaya na tuna kin taɓa faɗa, kina sussuka: "Rijiyar garinmu sai an haɗa igiya biyu, kuma a bakinta akwai tsamiyar da tsawa ta raba." Da wannan na tafi kasuwar Maigatari, ina bin masu kanwa ɗaya bayan ɗaya, ina kwatanta musu tsagen fuskarki. Wani dattijo ya ce ya san tsamiyar. Na bi ayarinsu, muka wuce turken iyakar da Turawa suka kafa, muka shiga ƙasar da Faransa ke mulka.

Garinku kufai ne, Inna, tun shekarar yunwa. Tsamiyar tana nan. Rijiyar ta rufta.

Waɗanda suka rage sun koma wata tunga kusa. Ɗan limaminku na dā ya ɗauko gafakar mahaifinsa, inda limamin yake rubuta sunayen jariran da ya raɗa wa suna. Gara ta cinye rabin takardun, ruwa ya wanke sauran. Muna cikin juya su wani mutum ya zo ya tsuguna a ƙofar zaure. Tsagenki ne a fuskarsa, har da ɗan karkacewar nan ta hagu.

Mati sunansa, ƙanenki ne. Yana goye a bayan mahaifiyarku ranar da mahara suka ɗauke ki a wurin itace. Bai san ki ba. Ya ce: "Iya in tana rabon tuwo sai ta kira sunan nan, sannan ta yi shiru. Har ta rasu haka take yi." Ya faɗa mini sunan.

Na zaci zan yi kuka. Ban yi ba. Awakinsa nake ta kallo suna cin ƙaiƙayi. Ya tambaye ni ko kin ji daɗin duniya. Na ce masa kin iya dariya.

Hadiza ta sauka lafiya, mace ce, an raɗa mata sunan. Ba zan rubuta shi a nan ba, bakina bai saba ba, kuma bai kamace ni ba. Ummi muke ce mata. Mutane suna ta zuwa barka, ina amsawa. In na ɗauke ta sai in zauna ina jiran in ji wani abu a raina, har yanzu dai shiru.

Kawu Mati ya ce zai zo bayan girbi ya ga inda kike kwance. Jiya na je maƙabarta don in tabbatar da wurin kafin ya iso. Damina ta baje ƙasar, ciyawa ta rufe. Kaburbura biyu ne a jere, na kasa rabe wanne ne naki. Na tsaya a tsakaninsu na yi wa duka biyun addu'a.

Allah Ya jiƙan ki, Innata, Ya yalwata makwancinki, Ya sada ki da Iyarki inda ba mai sake raba ku. Amin.

Ɗanki,
Habu