Kibiyar Baba Inusa

Juma'a, 18 ga Yuli, 2014

Yau mu matasan coci mun je unguwar Satwa gyaran ɗakin Baba Inusa, wani maigadi ɗan Gana. Mun gyara famfo, mun yi fenti. Ni ne na shafe wata kibiya da ke jikin bango, na ɗauka zanen banza ne.

Da la'asar ya shigo da darduma a hannu, ya tsaya. "Ɗana, ina alƙiblata?"

Na yi maza na zana masa wata tana kallon gabas, yadda maƙwabtanmu ke sallah a Kaduna.

Ya ce, "Ai a nan Makka tana yamma ne, ta wajen gida."

Na gyara. Shekarata uku a Dubai, sai yau na san ta ina gida yake.